Furannin Bakin Hanya da Gefen Gona

Karatu: Matta 6:25-34, Levitikus 19:9-10.

Wanda ya tashi daga Kano cikin watan Agusta ya kama hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Bebeji, ya karya kwana a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore ya ɓulla Doguwa, akwai abin da zai raka shi tun daga farkon tafiya har ƙarshenta, dama da hagu. Ciyayi ne masu fure. Amma da wuya a sami mutum ɗaya cikin mota wanda ya dube su. Idonmu duka yana can cikin gonaki. Masarar wane ta yi kyau, shinkafar wane ta sha taki, dawar wane ba ta sami noma ba. Bakinmu kuwa yana kan kuɗin buhun taki da kuɗin mudun hatsi. Mu ma masu bi haka mu ke yi, ba mu fi kowa ba.

Ubangiji Yesu ya taɓa tsai da almajiransa a kan wannan abu. Yana zaune bisa dutse a ƙasar Galili yana koya wa taro, mafi yawansu talakawa ne, manoma da masunta da mata masu goyo. Ya san abin da ke cin zuciyarsu, wato ci da sha da tufafi. Sai ya nuna musu tsuntsaye, ya nuna musu furannin da ke tsiro a jeji ba mai shuka su, ya ce su tsaya su lura. Ya ce ko Sarki Sulemanu, ran da ya fi kowace rana ado, bai kama ƙafar ɗaya daga cikinsu ba. Masana ba su haɗa baki a kan ko wane fure ya ke nufi ba. Da yawa suna ganin ba iri ɗaya ba ne, dukan furannin da ke rufe tuddan Galili ne a wajen watan Fabrairu da Maris, gama daminarsu tana zuwa lokacin da mu mu ke cikin ɗari. Bayan 'yan makonni iska mai zafi ta taso daga gabas ta ƙone su, mata su tattara busassun su hura wuta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya ke kore shar a Agusta, shi yara ke karyowa a kai murhu a Disamba.

To, tun da Ubangiji ya ce a lura, bari mu sauka daga mota mu lura da namu.

Ta farko ita ce tafasa. Ba inda ba ta. Tana bakin kwalta, tana bayan gari, tana makiyaya, tana jikin dangar majami'a. Furenta ɗan ƙarami ne, rawaya, yana ɓoye tsakanin ganye kamar mai jin kunya. Da magariba ganyenta su kan naɗe bibbiyu su kwanta, da safe su buɗe. Ba wanda ya taɓa sayen irinta domin ya shuka, ba wanda ya taɓa zuba mata taki. Amma ku tambayi tsofaffinmu abin da ya riƙe mutane a shekarun wahala. Kakanninsu sun ba su labarin yunwar 1914, wadda a ke kira Kakalaba. Su da kansu sun ga farin 1973 da na 1984. Za su gaya muku cewa sa'ad da rumbu ya zama fayau, mata su kan fita da asuba da ƙwarya su tsinko ƙananan ganyen tafasa, a dafa, a matse, a barbaɗa ƙuli in akwai, da gishiri da barkono, a yi kwaɗo. In akwai ɗan tsaki a yi dambu, tsakin kaɗan ganyen da yawa. Da haka gidaje da yawa su ka kai ga tumu. Ba mu kaɗai ba ne. A yammacin Sudan da ƙasar Chadi su kan daka ganyen tafasa su rufe shi cikin tukunya a ƙasa har ya ruɓa ya yi ƙarfi kamar daddawa, su shanya, su riƙa sa shi a miya maimakon nama. Yanzu kuma har 'ya'yanta sun zama kayan kasuwa. Mata da yara suna tarawa da kaka, 'yan kasuwa suna saye buhu-buhu a kai ƙasashen waje.

Kusa da ita za ku ga ɗan'uwanta rai-ɗore. Ya fi ta tsayi, furensa ya fi nata girma, ganyensa yana da wari, har awaki ba su cika kula shi ba. Iyayenmu su kan dafa shi su yi wa mai zazzaɓi surace. A wasu ƙasashe na Afirka ta Yamma a kan soya 'ya'yansa a niƙa a dafa a sha kamar kofi. Amma a nan sai mu ja kunne. Ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore guba ne. Likitoci a ƙasar Indiya sun gano cewa yara da dama sun mutu saboda cinsu. Kada a bar yara su yi wasan girki da su. Yaron da zazzaɓi ya kama kuma, a kai shi asibiti tun da wuri, kada a zauna jiran surace.

Ga karkashi yana rarrafe, furensa kamar na riɗi, mai baki a buɗe. Wace mace ce ba ta san daɗin miyarsa ba ran da kuka ta ƙare? Ga lalo, ga gasaya mai farin fure da ɗan ɗaci. Ga duman rafi ya shimfiɗu a bakin kududdufi da wuraren da ke da laima wajen Tiga, furensa manya-manya, ja-ja mai shunayya. Ga balasa mai ɗan fure shuɗi, wanda ba ya kai azahar sai ya yanƙwane. A farkon damina albasar kwaɗi ta kan fito da farin fure mai jan zane, har mutum ya yi mamakin inda ta ɓuya duk rani. Tumfafiya kuwa ba ruwanta da damina ko rani, tana nan tsaye da korenta cikin ƙura. Watakila ba kowa ya sani ba, tumfafiyar nan tamu tana tsirowa a wajen Yariko da bakin Tekun Gishiri. Ashe Ubangiji ya wuce ta a hanyarsa ta zuwa Urushalima kamar yadda mu ke wuce ta a hanyar kasuwa.

Akwai wata kuma wadda ba mu da ita a nan, amma labarinta ya cancanci mu ji. Tana tsirowa a bakin hanyoyin Turai da na ƙasar da Yesu ya zauna, an kuma kai ta Amurka ta bazu. Turawa suna ce mata cikori. Tsayinta ya kan kai ƙugun mutum, kararta siririya ce mai tauri, furenta shuɗi ne kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Ya kan buɗe da hantsi ya rufe wajen tsakar rana, kowane fure kwana ɗaya ya ke yi. Tana da doguwar saiwa mai nutsewa ƙasa, shi ya sa ta ke rayuwa cikin tsakuwa da tsandauri inda sauran ciyayi su ke kasawa. A shekara ta 1806 Napoleon na Faransa ya rufe tashoshin jiragen ruwa na Turai domin ya hana ciniki da Ingila. Kofi ya yi wuya. Sai mutane su ka koma ga saiwar cikori, su ka haƙa, su ka shanya, su ka soya, su ka niƙa, su ka sha. Haka kuma a ka yi a birnin New Orleans lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865. Da wahala ta wuce mutane da yawa ba su bar ta ba, har yau ana gauraya ta da kofi ana sayarwa. Ganyenta yana da ɗaci. Kun tuna a Fitowa 12:8 an umarci Isra'ilawa su ci ragon Idin Ƙetarewa da ganyaye masu ɗaci. Malaman Yahudawa na dā sun lissafta iri biyar da a ke iya ci, masana da yawa kuwa suna ganin cikori tana cikinsu. In haka ne, mai yiwuwa ciyawar bakin hanya tana cikin akushi a daren nan da Ubangiji ya kakkarya gurasa ya ba almajiransa.

Yanzu ku lura da lokacin. Yaushe ne bakin hanyarmu ya fi cika da ganye da fure? Yuli da Agusta. Yaushe ne kuma rumbu ya fi yin ƙasa? Yuli da Agusta. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba. Aiki ya yi yawa, ƙarfi ya yi kaɗan. Sauro ya yi yawa, yara suna kwance. A daidai wannan lokaci Allah ya ke shimfiɗa abinci a wurin da ba na kowa ba ne. Gona tana da mai ita. Fadama tana da mai ita. Ɗorawa da kuka da ke cikin gona ma suna da masu su. Amma bakin hanya ba shi da iyaka ba shi da shinge. Gwauruwar da 'yan'uwan miji su ka karɓe gonarta, da maraya, da baƙon da ya zo jiya, ba wanda zai tambaye su takarda kafin su tsinki tafasa. Hausawa su kan ce Allah gatan kowa. Mu da mu ka san shi Uba ne ta wurin Yesu Kristi, ya kamata mu fi kowa gane wannan magana.

Kada wani ya karanta wannan ya jingine fartanya. Yesu bai hana aiki ba. Tsuntsun da ya ba da misali da shi, tun asuba ya ke tashi kiwo. Tafasa ma ba ta shiga tukunya da kanta, sai an sunkuya an tsinka. Manzo Bulus ya yi wa masu ƙyuya magana mai zafi a 2 Tassalunikawa 3. Abin da Ubangiji ya hana shi ne alhini, wato damuwar nan da ke hana mutum barci, ta sa ya ɗauki nauyin baɗi ya ɗora a kan na yau, har ya manta yana da Uba.

Kada kuma mai wadata ya karanta ya ce, madalla, ashe Allah ya riga ya shirya wa matalauci tafasa, ba ruwana. Ganye kaɗai ba ya riƙe mai noma, ba ya gina jikin yaro. Kwaɗo yana neman ƙuli, dambu yana neman tsaki. Ƙulin da tsakin kuwa Allah ya ajiye su a rumbun ɗan'uwa. Za mu komo kan wannan.

Amma tukuna, akwai wani fure da ya fi dukan waɗanda mu ka ambata kyau, shi kuwa ba a bakin hanya ya ke ba, a tsakiyar gona ya ke. Ku bi hanyar nan kuma a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Za ku ga wasu gonakin dawa sun yi ja-ja a ƙasa, gwanin ban sha'awa. Baƙon da bai san noma ba zai tsaya ya yaba. Manomi kuwa sai ya girgiza kai, gama ya san kallon kitse a ke yi wa rogo. Wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ku dubi dawar da ke kanta, ta tsumbure, ganyenta ya ƙone kamar an yi fari alhali ruwa bai yanke ba, zangarniyarta ba ta kai tafin hannu ba.

Masu binciken aikin gona, irin na Samaru kusa da Zariya, sun daɗe suna nazarin halinta, abin da su ka gano kuwa wa'azi ne da kansa. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro guda yana zubar da dubbai masu yawa. Irin ya kan kwanta cikin ƙasa shekara goma ko fi, yana jira. Ba ya tsira sai ya ji saiwar dawa ko gero ko masara kusa da shi. Da ya ji, sai ya fito da ɗan baki ya manne wa saiwar, ya shiga shan ruwa da abincin da shukar ta wahala ta samo. Makonni ya ke yi yana wannan aiki a ƙarƙashin ƙasa ba mai ganinsa. Kafin ya leƙo waje an riga an yi ɓarna mai yawa. Sa'ad da ya yi furen nan mai kyau, ya gama cin gonar bana, yana shirin cin ta baɗi. Ya kuma fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda a ke shuka hatsi iri ɗaya shekara da shekaru ba taki ba hutu.

Ya 'yan'uwa, alhini haka ya ke. Ba ya kama wanda ba shi da komai kaɗai. Sau da yawa ma ya fi kama wanda shukarsa ta fara kyau, gama a jikin saiwa mai rai ya ke tsira. Ba a ganinsa da fari. Mutum yana zuwa sujada, yana raira waƙa, yana ba da baiko, amma a ƙarƙashi wani abu yana shan ƙarfinsa. Addu'ar safe ta fara gajarta. Littafi Mai Tsarki ya yi ƙura bisa taga. Ran Lahadi jikinsa yana majami'a, zuciyarsa tana kasuwar shinkafa ta Tudun Wada. Sa'ad da abin ya fito fili kuwa, da kyakkyawan fure ya ke fitowa. Mu kan sa masa suna mai daɗi. Mu ce tanadi ne, mu ce dabara ce, mu ce ai domin yara mu ke yi. Cikin misalin mai shuka, a Markus 4, Ubangiji ya nuna cewa damuwar duniya da ruɗin dukiya su ne su ke shaƙe Magana har ta kasa ba da amfani. Shukar ba ta mutu ba, tana tsaye, amma ba hatsi.

Bari mu faɗi furannin da wannan wuta-wuta ke yi a cikinmu, ko da ya ke faɗin ba daɗi.

Akwai ɗan'uwa mai rumbu biyu. Wani ɗan'uwa, wanda su ke cin jibin Ubangiji tare, ya zo masa da dare cikin Agusta domin kada a gan shi, ya ce yara sun kwana biyu ba tuwo. Mai rumbu ya ba shi buhu ɗaya, a kan zai biya biyu da kaka. Ya kira wannan taimako. Ku buɗe Fitowa 22:25 da Levitikus 25:35-37 ku ga abin da Allah ya kira shi. Ku karanta Nehemiya 5 ku ga yadda ran Nehemiya ya ɓaci sa'ad da ya tarar da irin wannan a tsakanin jama'ar Allah. Wanda ya biya buhu biyu da kaka, rumbunsa zai ƙare tun Yuni, ya sāke dawowa, ya ci uku ya biya shida, ƙarshenta gonar ce za ta tafi. In gona ta tafi sai samarin gidan su tafi Kano ko Abuja neman aikin lebura, bencinsu ya zama wofi. Mu kan zauna mu yi ta kuka cewa Ekklesiyar ƙauye tana raguwa. Wani lokaci mu ne mu ka sayar da ita da mudu.

Mai rumbun nan ba mugu ba ne a ganin kansa. In ka tambaye shi zai ce, in na bayar haka kawai, ni wa zai ba ni ran da nawa ya ƙare? Kun ji saiwar. Tsoro ne. Ya manta da tsuntsu, ya manta da fure.

Wannan tsoro ne kuma ke sa mu nome gona har bakin kwalta. Cikin Levitikus 19 Allah ya ba Isra'ilawa doka cewa in sun zo girbi kada su girbe har ƙarshen gefen gona, kada kuma su koma kala, a bar wa matalauci da baƙo. An maimaita dokar a sura 23, da kuma Kubawar Shari'a 24, inda a ka ƙara maraya da gwauruwa. Ku lura, Allah bai faɗi faɗin gefen ba. Bai ce taki biyu ko taki goma ba. Ya bar wa mai gona, domin kowa da ke wucewa a hanya ya iya karanta zuciyar mutum daga gefen gonarsa. Da wannan doka Rut Bamowabiya, baƙuwa kuma gwauruwa, ta ci ta ciyar da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza. Daga zuriyarta a ka haifi Dawuda, daga zuriyar Dawuda a ka haifi Mai Cetonmu. Da Bo'aza ya share gonarsa tas, da me za mu karanta a Matta sura ta fari?

Mu fa yaya gefen gonarmu ya ke? Jama'a ta yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba, wannan gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma hanyar da dā jaki biyu ke wuce juna da mangala, yau ko mai keke sai ya sauka. Burtalin da kakanni su ka bari domin shanu su wuce zuwa mashaya da dajin Falgore, an ci shi kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, har ya ɓace. Sa'an nan shanu su faɗa cikin masara, a yi faɗa, wani lokaci a zub da jini. Ba mu ce laifin duka na manomi ne ba. Makiyayin da ya saki dabbobi cikin amfanin wani da gangan ya yi zalunci, hukuma kuma ta bi wa mai gona hakkinsa. Amma in an zo duba wanda ya ci burtali, kada a tarar da kunyar mai bi a ciki. Bafulatanin nan shi ne baƙon da doka ta ambata.

Ga kuma maganin feshi. Ya rage wa manoma wahalar noma ƙwarai, ba mu hana kowa amfani da shi ba. Amma mai feshi ya kan gama gonarsa, ya ga sauran magani cikin tanki, ya juye shi a gefe da bakin hanya domin kada ya yi asara. Bayan kwana kaɗan wurin ya yi ja. Tafasa ta tafi, karkashi ya tafi, lalo ya tafi. Matan ƙauyuka da yawa suna faɗi cewa ganyen da dā su ke tsinka a bayan gida, yanzu sai sun yi tafiya. Abin da ya fi wannan muni, wata tsohuwa ta kan zo da safe ta tsinki ganyen da a ka fesa jiya da yamma, ba ta sani ba, gama bai riga ya canza kama ba, ta kai wa jikokinta. Wanda ya fesa bai yi nufin mugunta ba. Bai dai tuna cewa wurin nan akushin wani ne ba. In lalle sai ka fesa kusa da hanya, ka gaya wa maƙwabta, ka kafa alama. In kuwa ba lalle ba ne, ka bar wurin yadda Allah ya shuka shi.

To, ina magani? Mu koma wurin manomi. Ba a kashe wuta-wuta da shekara ɗaya. Ana tuge ta tun ba ta zub da iri ba, a tara a ƙone, kada a yar a gefe. Ana kai wa gonar takin gida, gama shuka mai ƙoshi ta fi iya jurewa. Ana kuma sauya shuka. In an sa waken suya ko gyaɗa ko auduga, irin wuta-wuta ya kan ji saiwarsu ya tsira, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu da yunwa. Haka a ke rage shi cikin ƙasa kaɗan-kaɗan. Wahalar ita ce, in kai ka tuge taka maƙwabci bai tuge tasa ba, iska da ruwa da kofaton dabbobi za su dawo maka da ita. Aikin na gari ɗaya ne.

Alhini ma sai an tuge shi tun yana ƙarami, a kai shi gaban Allah da sunansa, kamar yadda Filibiyawa 4:6 ta koya mana, kada a jira ya yi fure. Zuciya kuma tana neman taki, wato Maganar Allah kowace safiya, ko aya biyar ce, da dukan gida. Sauya shukar kuwa ita ce bayarwa. Tsoron rashi ba ya samun abin kamawa a jikin hannun da ya saba buɗewa. Ya kan tsira, gama mu mutane ne, amma ba ya daɗewa. Wannan ma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai rumbu biyu yana tsoro domin yana ganin shi kaɗai ne. In ya san cewa ran da nasa ya ƙare Ekklesiya tana bayansa, hannunsa zai yi sauƙin buɗewa.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace Ekklesiya su zauna kan wannan magana kafin godiyar kaka. Hatsin da a ke kawowa ran godiya, a wurare da yawa a kan sayar da shi duka nan take, lokacin da ya fi araha, a sa kuɗin a gini. Gini abu ne mai kyau. Amma a ware wani kashi a zuba a rumbun Ekklesiya, a sa magani domin ƙwari, a rubuta yawansa a littafi a gaban jama'a. Mabuɗi kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, a sa dattijo guda da mace guda daga zumuntar mata, gama mata sun fi mu sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kada a buɗe sai Yuli. Wanda zai iya biya ya ɗauki mudu ya mai da mudu da kaka, ba ƙari. Gwauruwa da maraya da marar lafiya a ba su kyauta, a kai musu da dare, kada a kira sunansu a majami'a. In maƙwabci wanda ba mai bi ba ne ya zo, kada a tambaye shi addininsa kafin a auna masa. Tafasa ba ta tambaya.

Masu koyar da makarantar Lahadi kuma, wata rana cikin damina ku fita da yara bayan majami'a. Kowane yaro ya kawo fure ɗaya ya faɗi sunansa da amfaninsa. Wanda ba su sani ba a kira wata tsohuwa ta gaya musu, ta nuna musu na ci da na guba. Yaranmu da yawa da ke makaranta a birni suna jin kunyar a ce an ci kwaɗon tafasa a gidansu. Su ji daga bakin kakarsu cewa da shi a ka goyi ubansu a 1984. Bayan haka a karanta musu Matta 6 a wurin, a tsaye cikin ciyawa.

Mu riƙa tunawa cikin addu'a da gidajen da rumbunsu ya ƙare tun kafin sabon hatsi, da masu bishara na ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda su ma da fartanya su ke ci. Ekklesiyar da ta riga ta fara rumbu irin wannan, muna so magatakardanta ya rubuto mana yadda su ka yi, da wahalar da su ka gamu da ita, domin mu buga sauran 'yan'uwa su gani.